Gyara Surar Ɗan Wasa a Na'urar Gem: Amfani Ne ko Ɓarnar Kuɗi?

Kawun Yara, Tudun Wada

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar wasannin bidiyo ta yanzu, domin ni sanina ya tsaya ne tun zamanin PlayStation 2, lokacin da muke zuwa shagon gem mu biya kuɗin wasa ɗaya, mu zaɓi Brazil ko Faransa, mu buga ƙwallo na minti 10, mu tashi mu ba wasu wuri.

Akwai ɗan ƙanwata da yake zaune a wurina yana karatun sakandare. Mahaifinsa ya aiko masa da PlayStation 4 ta hannu, ni kuma na kafa masa sharaɗin ba zai kunna ta ba sai Asabar da Lahadi. Ranar Asabar ɗin da ta wuce an kawo wuta bayan la'asar, sai na zauna a falo ina kallonsa don in ga abin da yake ɗauke masa hankali haka. Daga la'asar har aka kira magariba yaron nan bai buga wasa ko ɗaya ba. Wani mutum yake ta gyarawa a allon talabijin, ya ƙara masa tsawo, ya rage masa faɗin kafaɗa, ya sa masa gemu ya cire, ya canza masa aski ya fi sau goma. Da na tambaye shi, sai ya ce, "Kawu, abata ɗina nake haɗawa," wato surar da za ta tsaya a madadinsa a cikin wasan. Muna dawowa daga masallaci aka ɗauke wuta.

Washegari ya zo mini da buƙata, wai in taimaka masa da kuɗin katin dala domin ya saya wa surar nan riga da takalmi, alhali takalminsa na makaranta yana wurin shumeka tun ranar Alhamis. Ban ba shi ba, amma kuma ban yi masa faɗa ba, saboda ba na son in yanke hukunci a kan abin da ban fahimta ba. Shin ku masu buga gem kuna ganin wannan gyare-gyaren sura yana ƙara wa wasa wani abu, ko dabara ce kawai ta kamfanoni don su tatsi yara? Kuma idan mutum ya sayi rigar, ta zama tasa ke nan har abada?

Mai Shagon Gem, Samaru

Wa alaikumus salam, Malam. Ni na fi shekara goma ina wannan sana'a, kuma abin da zan fara faɗa maka shi ne, waɗanda suka ƙirƙiro wannan tsari sun yi shi ne da tunanin mutum ɗaya mai na'urarsa shi kaɗai a ɗakinsa, da wutar da ba ta yankewa. Mu a nan na'ura ɗaya mutum ashirin za su iya taɓa ta a yini guda, kuma janareta yana shan mai ko ana buga ƙwallo ko ana gyaran gashin baki. Saboda haka a shagona doka ce, wanda zai haɗa sura sai ya biya kuɗin lokaci kamar mai wasa, kuma ba na yarda a yi shi da yamma lokacin da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suke cika wurin.

Duk da haka ba zan ce maka aikin banza ne ba, domin na ga abin da yake jawowa. Tun zamanin wasan ƙwallo na PES, wanda kamfanin Konami ya sauya wa suna zuwa eFootball a 2021, samarinmu sun saba da gyara. Da yake kamfanin ba shi da izinin amfani da sunayen wasu ƙungiyoyi, sai ka ga Manchester City ta zama Man Blue, Chelsea ta zama London FC, Arsenal kuma North London. Mu ne muke zama mu mayar musu da sunayensu da rigunansu. Daga nan sai yara suka gano cewa wanda ya iya gyara ɗan wasan wani zai iya ƙirƙirar kansa. Sai ka tarar da yaro ya haɗa ɗan gaba mai sunansa, da lambar da yake so a baya, ya sa shi a Barcelona. Wanda ya yi haka, Malam, shi ne kwastoman da ba ya yankewa, domin ya bar wani abu nasa a cikin na'urar, kullum yana so ya dawo ya ga ya ci gaba.

Rigimar da na fi rabawa a shago kuwa ba ta wanda aka ci biyar da nema ba ce. Ta wanda ya zo ya tarar an goge masa ɗan wasansa ce, ko an mayar masa da kai ƙwal-kwabo don tsokana. Na taɓa ganin abokai biyu sun yi mako ba sa magana a kan haka. Wannan ya isa ya nuna maka cewa su a wurinsu abin ba zane ne kawai ba.

Maganar sayen riga da dala kuwa, a nan ni ina bayanka.

Tsohon Hannu, Sabon Gari

Ina ganin ya kamata a raba abu biyu da aka haɗa. Akwai surar da ake haɗawa a cikin wasa guda, kamar wadda yaron yake yi, wadda ba ta fita daga wannan wasan. Akwai kuma surar da take ta na'urar ce gaba ɗaya, wadda take bin mutum daga wannan wasa zuwa wancan. PlayStation 4 da PlayStation 5 ba su da irin ta biyun, hoto ne kawai mutum yake zaɓa ya liƙa a jikin sunansa. Amma akwai lokacin da manyan kamfanonin nan uku, wato Nintendo da Microsoft da Sony, duk suka yi imani cewa ita ce makomar harkar, kuma abin da ya faru da su yana amsa rabin tambayar Malam.

Nintendo ce ta fara yin nasara da ita, lokacin da ta fitar da Wii a 2006 tare da surorin da ake kira Mii. An ce Shigeru Miyamoto, shahararren mai tsara wasanni na Nintendo, ya daɗe yana juya wannan tunani tun zamanin tsoffin na'urorin kamfanin, kuma siffar ta samo asali ne daga wasu 'yan tsana na katako da ake sassaƙawa a Japan, masu babban kai da jiki marar ado. Mii ba ta kama da mutum na gaske, zanen barkwanci ce, amma da ɗan matsar da gira ko ɗaga hanci sai ka ga kowa a gida ya gane wanda ake nufi. Na'urar tana ɗaukar Mii har 100, kuma ana iya saka 10 a cikin abin riƙewa na Wii a tafi da su gidan aboki. Abin da ya fi muhimmanci shi ne an ba su aikin yi tun ranar farko. A Wii Sports, wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan 80, surarka ce take buga tanis da dambe, sauran mutanen gidan da aka haɗa kuma kana iya ganinsu a cikin 'yan ƙungiya ko a gefe suna kallo. Ba a kuma karɓi ko sisi don haɗa ta ba.

Microsoft ta biyo baya a watan Nuwamba na 2008, inda kamfaninta na Rare da ke Ingila ya tsara surorin Xbox 360. Waɗannan sun fi Mii kyan gani da yawan tufafi, kuma a 2009 aka buɗe musu kasuwa ta musamman inda ake sayen riguna da huluna da kayan wasa da kuɗi na gaske. Sun yi tashe da Kinect, na'urar kyamara mai gane motsin jiki, ta fito a 2010, domin a Kinect Sports idan ka ɗaga hannu surarka ma za ta ɗaga. A 2018 aka sake musu fasali gaba ɗaya, har da keken guragu da ƙafar roba ga wanda yake so surarsa ta nuna halin da yake ciki, abin da ya cancanci yabo. Sai dai kusan babu wasan da yake amfani da sababbin surorin. Mutum zai gama yi wa surarsa ado ta tsaya a shafin bayanansa tana ɗaga hannu kawai. A ranar 9 ga Janairu, 2025 kamfanin ya rufe manhajar haɗa su, yana mai cewa masu amfani da ita sun yi kaɗan, ya kuma mayar da kuɗi ga waɗanda suka yi sayayya daga Nuwamba 2023 zuwa lokacin rufewar.

Sony kuwa gari guda ta gina. PlayStation Home, wanda aka buɗe wa kowa a Disamba 2008 a kan PlayStation 3, yana da dandali da shaguna da gidan kallo, kowa da ɗakinsa da zai saya wa kujeru ya gayyaci abokai. Sai da intanet mai ƙarfi ake shiga, don haka mu nan Zariya a wancan lokacin, da modem ɗin da muke fama da shi, yawancinmu labarinsa kawai muke ji. An rufe shi a ranar 31 ga Maris, 2015, da ɗakunan da kujerun duka.

A cikin ukun, Mii ce kaɗai take nan da ƙarfinta, har yau ana tuƙa mota da ita a Mario Kart 8 Deluxe, ana kuma faɗa da ita a Super Smash Bros. Ultimate. A ra'ayina dalilin a fili yake: ita an yi ta ne don a yi wasa da ita, sauran kuma an fi mayar da hankali ga a yi musu sayayya.

'Yar Kongo

Assalamu alaikum, Kawu. Ni ɗaliba ce a tsangayar shari'a a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ina buga gem tare da yayyena tun ina ƙarama. Ina so in ɗan kare ƙanena kafin in zo kan maganar kuɗi.

Kawu ya ce ya canza aski ya fi sau goma. Ina kyautata zaton ba ruwan ido ne ya sa shi haka ba, neman askin da ya yi kama da nasa yake yi bai samu ba. Duk baƙar fatar da ya taɓa zama gaban waɗannan zaɓuɓɓuka ya san wannan. Za a jera maka gashin Turawa kala-kala, mai santsi da mai kwanciya da mai lilo, sannan a ƙarshen layi a ajiye maka uku ko huɗu: tulin gashi, kitso iri ɗaya, dada, sai kai a aske. Saisayen da kowane wanzami ko mai shagon aski a Kwangila zai yi maka cikin minti goma sai ka neme shi ka rasa. Mu mata namu ya fi muni, domin ba a maganar shuku ko kalaba ko zanen yawo, balle ɗaurin ɗankwali. Akwai dalili na fasaha, tunda gashi mai santsi ana iya zana shi da faffaɗan zirin hoto da aka jera, mai murɗewa kuwa yana buƙatar ƙarin aiki da ƙarfin na'ura. Amma babban dalilin shi ne waɗanda suke zaune suna zanen ba irin gashin ne a kansu ba.

Abin yana gyaruwa, kuma ƙorafin 'yan wasa ne yake gyara shi. A tsoffin wasannin Animal Crossing ba a zaɓen launin fata, sai dai mutum ya bar surarsa a rana ta yi duhu na ɗan lokaci. A wanda ya fito a Maris 2020 an ba kowa damar zaɓa, kuma a Nuwamban shekarar aka ƙara kitso da wasu gyaran gashi na baƙar fata. The Sims 4 ya ƙara hijabi da hular maza a 2019, sannan a Disamba 2020 ya ƙara launin fata fiye da 100. Ranar da na fara sa wa surata hijabi na ji wani abu da ban iya bayyana wa yayyena ba, su dariya ma suka yi mini.

Har yanzu dai ban ci karo da babbar riga mai aska takwas ba, irin wadda maɗinka hannu na cikin birnin Zariya suke shafe watanni a kanta, ko hula zanna, ko rawani da alkyabba irin na hawan Sallah. Mu mutane ne da suka ɗauki sutura da muhimmanci, har ana gane matsayin mutum daga naɗin rawaninsa. Yaron da ya tashi yana ganin yadda ake shirya wa doki da mahayinsa ado tun kwana da kwanaki kafin hawa, ba abin mamaki ba ne idan ya ƙi shiga fili da surar da aka ba kowa.

Tambayar Kawu ta biyu ita ce fannina. Amsar ita ce a'a, rigar ba ta zama tasa ba. Abin da yarjejeniyar da muke latsa amincewa da ita ba tare da karantawa ba take bayarwa shi ne izinin amfani, wanda yake rataye da asusun mutum da kuma ci gaban wasan. Ba zai iya sayar da ita ba, ba zai ba ƙaninsa ba, kuma a wasannin da ake fitar da sabo kowace shekara yawanci ba ta binsa zuwa na baɗi. Zanen aro ne, ba ya rufe katara. Matsalar ta kai har jihar Kalifoniya a Amurka ta yi doka, wadda ta fara aiki a 2025, da take tilasta wa masu sayar da kayan intanet su bayyana wa mai saye cewa izini yake karɓa ba mallaka ba. Kafin nan, a Disamba 2022, kamfanin Epic Games mai Fortnite ya amince ya biya dala miliyan 520 a sasantawa da hukumar kare masu sayayya ta Amurka, kuma dala miliyan 245 daga ciki na mayar wa mutane kuɗin sayayyar da aka ce tsarin wasan ya ja su suka yi ba da niyya ba ne. Su ke nan da suke da hukumar da za ta ƙwato musu. Mu da yawancinmu muke buɗe asusu da adireshin Amurka ko Ingila, saboda Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen PlayStation, idan wani abu ya faru da asusun ma bayanin kanmu zai yi mana wuya.

Malamin Firamare, Ƙofar Doka

Ni ba na buga gem, amma ina da ɗalibai da 'ya'ya masu bugawa. Ƙarin bayani kawai zan yi a kan sunan. Kalmar da yaran suke furtawa abata asalinta daga harshen Sanskirit na Indiya take, inda a addinin Hindu take nufin saukowar abin bautarsu a cikin wata siffa. Masu wasannin kwamfuta ne suka aro ta, musamman bayan wasan Ultima IV na 1985, har ta koma nufin surar da take wakiltar mai wasa, kuma a yau babu mai kawo waccan ma'ana a ransa idan ya faɗe ta. Duk da haka na fi son mu riƙa cewa sura ko wakili, tunda muna da kalmominmu.

Akwai kuma iyayen da damuwarsu ita ce hukuncin zana siffar mai rai. Malamai sun yi maganganu mabambanta a kan hoton da yake bayyana a allo, kuma ba ni ne zan raba wannan gardama ba. Zariya ba ta rasa malamai ba, wanda abin ya dame shi ya je ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Abin da ni na lura da shi a aji shi ne wasu yaran suna haska fatar surarsu fiye da tasu, suna sirance mata hanci. Da a ce ni ne Malam, wannan zan fi dubawa kafin maganar takalmi.

Kawun Yara, Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da daddare na sa shi ya kunna ya nuna mini. Wasan ƙwallon kwando ne, kuma maganar 'yata ta Kongo ta tabbata, domin ya ce duk askin da ke ciki babu irin nasa, sai ya haƙura da wanda ya fi kusa. Malam na Ƙofar Doka, na duba abin da ka ce. Fatar ya bar ta baƙa kamar tasa, tsawo ne dai ya ƙara wa kansa har ya kusa taɓo ragar, shi da bai kai kafaɗata ba.

Na karanta masa abin da aka ce game da izini da mallaka. Ya yi shiru, sannan ya ce abokansa da suke wasa ta intanet suna yi wa duk wanda ya shigo da rigar farko dariya, suna kiransa sabon shiga. Na gaya masa kuɗin dala dai babu. Abin da ya rage mini shi ne yadda zan tabbatar bai je ya sayi katin a ɓoye da kuɗin tara ko na makaranta ba.

Mai Shagon Gem, Samaru

Malam, na'urar da kanta tana da maganin wannan. Ka buɗe asusu da sunanka a matsayin mai kula da iyali, ka buɗe masa nasa a ƙarƙashinka a matsayin yaro. Asusun yaro ba shi da jakar kuɗi tasa, daga taka yake ci, kuma akwai wurin da za ka ƙayyade abin da zai iya kashewa a wata, wanda tun farko a kan sifili yake. A nan ne kuma za ka sa masa awannin da zai yi a rana. Sai dai ka sani ci gaban da ya samu a tsohon asusunsa ba zai koma sabon ba, zai sake haɗa surar daga farko, don haka ka ba shi Asabar guda ya yi ta canza askinsa.

Ka kuma gaya masa cewa a irin waɗannan wasanni ana tara kuɗin cikin wasa ta hanyar bugawa, a hankali dai, kuma da su ma ana sayen rigar. Idan saitin ya ba ka wahala, ka aiko shi da na'urar da safe kafin ɗalibai su fito daga lacca, amma ka zo da kanka, domin kai ne za ka sa lambar sirrin.